Wata Goma Sha Takwas ɗin Sajan

Ranar da aka aike ni in shawo kan Sajan, sai da na yi aski, na sa sabuwar riga, na tsara jawabi a kaina tun daga ƙofar gida. Abu ɗaya na manta. Wandon da ke jikina na aiki ne, wanda na yi kwana uku ina durƙuso da shi a bayan firjin mutane. Na shiga shagonta da sallama irin ta manyan baƙi, na ga wani tudu fari mai laushi a kan benci, na ce to, ga kujerar jakada. Na zauna na harɗe ƙafa. Ashe zannuwan gadon wani asibiti ne, an wanke, an goge, an ninke, ana jiran mai ɗauka. Da na miƙe, sai ga hoton mazaunaina a kan na sama, da baƙin mai, har ɗinkin aljihu ya fito raɗau.

Sajan ta jingine dutsen guga, ta ɗaga zanin ta duba shi a hasken ƙofa, kamar mai duba takardar shaida.

"Rediyo, ga baho can, ga sabulu. In ka gama sai ka faɗi abin da ya kawo ka."

"Ni fa yau baƙo ne. Aiko ni aka yi."

"Ɗan aike ma yana da hannu."

Haka na naɗe hannun sabuwar riga na durƙusa.

Sajan taubashiyata ce, 'yar kawuna, ta girme ni da shekara biyar, kuma ba ta taɓa barin in manta ba. Tsohuwar 'yar sanda ce. Da ta yi ritaya sai ta buɗe shagon wanki da guga a jikin nawa shagon na gyaran fanka da firji, bango ɗaya ya raba mu. Ita ta sa mini suna Rediyo tun muna yara, wai ana kunna ni amma ba a san inda ake kashewa ba. Ba doguwa ba ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka fara tuna laifin da ka yi shekaran jiya. Shagonta ɗaki ɗaya ne da ɗan fili a baya. Injin wanki biyu, teburin guga mai bargo uku, igiyoyin shanya shida da ta ɗaura da kanta, kowace tsayinta daidai da ta kusa da ita. Rigar da ta goge, in ka rataye ta, sai ka ga kamar za ta sara maka.

Wadda ta aiko ni kuwa 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta. Ita ma 'yar sanda ce, muna ce mata Kofur. Sunanta ya fito a cikin waɗanda za a tura aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa mai nisa, shekara guda. Mijinta ma'aikacin kamfanin hanya ne, wata-wata yake leƙo gida, ya riga ya ce ta je. Saura sa hannu, kuma ranar Alhamis za a rufe. In ba ta sa ba, a ɗauki na bayanta, ita kuma ta jira wani jerin da ba wanda ya san shekarar fitowarsa. Shekara uku tana neman wannan dama. Amma ta rantse ba za ta taɓa takardar ba sai uwarta ta ce mata je ki. Uwar kuwa tun da aka kawo mata labari ta ce "to", ta ci gaba da guga, mako biyu ke nan ba ta ƙara ko harafi ba. Ranar Litinin ce nake durƙushe a gaban bahon nan.

Ina cuɗa ina jawabi. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce ke kin je kin dawo da ƙafafunki biyu, har da lambar yabo, ashe wanzami ne ba ya son jarfa? Na kawo zancen ƙarin girma, na kawo zancen ganin duniya, na kawo sunan zuri'a. Dutsen guga yana tafiya yana dawowa. Da na ga makamai sun kusa ƙarewa sai na zaro babban, wanda na ɓoye don ƙarshe.

"In kuma don Mitsi ce, kwantar da hankalinki. Mun gama wannan maganar. Gidana za ta zauna, wajen Amarya, kamar yadda uwarta ta zauna. Ke ko kukanta ba za ki ji ba."

Mitsi ita ce 'yar Kofur, shekararta biyu da rabi, mitsitsiya ce kamar cokalin shayi. Amarya kuma matata ce. Shekara ashirin da biyar da aure, amma a bakin Sajan har yau Amarya ce.

Dutsen gugar ya tsaya.

"Kun gama magana," in ji ta.

"Tsaf. Ba mu bar miki wata wahala ba."

"To me kuke nema a wurina?"

"Albarka kawai."

"Yau babu ita a shago. Matse zanin da kyau, ka shanya a igiya ta biyu."

Na fito ina cewa a raina, mace ce da ta san abin da ta gani a can, tsoro take ji. Haka na faɗa wa Kofur, haka na faɗa wa duk wanda ya kawo fanka a ranar.

Bari in koma baya kaɗan. Lokacin da aka tura Sajan, tana kofur ita ma, ni ban cika wata huɗu da aure ba. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, direban jirgin ƙasa ne, ba ya kwana uku a gida. Sai aka kawo mana yarinya da jakar kayanta da wata 'yar tsana mai ido ɗaya. An ce shekara guda, ta zama wata goma sha takwas, don waɗanda za su karɓe su sun makara. A wancan zamani ba waya a aljihun kowa. Wasiƙa ce take zuwa bayan wata biyu, ni nake karantawa da ƙarfi, ina ƙara gishiri inda ya yi lami. Sau ɗaya ta aiko hoto, tana sanye da hular kwano shuɗiya, ta ƙame a gaban wata farar mota. Muka nuna wa yarinya muka ce ga Mama. Ta tsala kuka ta ruga ta ƙanƙame matata.

Ranar da Sajan ta dawo gidanmu ya cika. An ƙara mata girma, kowa ya shigo sai "Sajan, sannu da hanya", "Sajan, barka da arziki". Ta durƙusa ta buɗe hannu, yarinya ta laɓe a bayan zanin matata tana leƙe. Da aka lallashe ta ta fito, aka ce gaida ta mana, sai ta ce, "Sannu, Sajan." Muka kwashe da dariya, ni na fi kowa. Sunan ya zauna. Har gobe Kofur matata take ce wa Mama, uwarta kuwa Sajan. Mu a wurinmu abin ban dariya ne na gida, irin wanda ake ba baƙi labari.

Ranar Talata na koma, wannan karon a tsaye, hannuwana a baya. Na canza dabara. Na ce tunda tsoro ne, bari in sa ta yi zancen wurin da bakinta, ko ta ji ashe ba wani abu ba ne. Sajan ba ta cika ba da labarin can ba, amma in hannunta yana kan aiki bakinta yakan saki.

"Ke wai harbi nawa kika yi a wata goma sha takwas?"

"Ko ɗaya. Bindigar ma sai ranar duba kaya nake tuna nauyinta."

"To me kuka je yi?"

"Rakiyar itace."

Ta ce sansani ne na mutanen da yaƙi ya kora, tantuna har inda ido ya ƙare, an kewaye da waya. Masu tsaron wurin daga ƙasa ashirin da wani abu suka zo. Hula iri ɗaya, tutar kafaɗa kowa da tasa. Wata ƙasa ta kawo likitoci. Wata ta kawo jirage masu saukar ungulu da matuƙansu, waɗanda rana take mayar da su jajaye kamar an yi musu fenti. Wasu gajeru daga ƙasar duwatsu suka kawo injin haƙa rijiya, kuma duk inda suka yada zango sai sun shuka ganye a cikin tsofaffin tayoyi. Akwai wasu daga wani tsibiri da ba sa iya ɗaga buhu sai da waƙa.

"Ku fa, me kuka kai?"

"Ƙafa. Mu ƙafa muka kai."

Aikinta shi ne fita da mata neman itacen girki, don a daji ake tare su. Kullum da safe mace ɗari, wani lokaci fiye, su yi tafiyar awa biyu, 'yan sanda mata a gaba da baya, motar sojoji tana bin su a hankali. Abokiyar aikinta wata ce daga ƙasa mai nisan gaske, Sajan tana ce mata Gajera. Kalmomin da suka haɗa su ba su fi ashirin ba, sauran duk da hannu da gira. Gajera 'yar makiyayi ce, ita ta kawo dabarar tsakuwa. Aka ajiye kwano a bakin ƙofa, duk macen da za ta fita ta jefa tsakuwa ɗaya, in ta dawo ta ɗauke. In kwano ya zama wayam, kowa ya je ya huta.

"Ranar da tsakuwa ta rage fa?"

"Sau ɗaya ta rage. Muka koma da gudu, ni da Gajera da mota. Muka same ta a gindin bishiya, naƙuda ta kama ta, ta ji kunyar faɗa. A bayan mota ta haihu. Gajera ta yanke cibi, ni na riƙe fitila da rana tsaka, don ban san me zan riƙe ba."

Na yi dariya, ita ma gefen bakinta ya motsa. Na ce a raina, yau an dace. Ta juya wata riga ta fesa mata ruwa, ta ci gaba.

"Tsakuwar ba ita ce mai wuya ba. Mai wuya ita ce 'ya'ya. Ba ma barin mace ta fita sai ta kawo wadda ta bar wa 'ya'yanta, ta tsaya a gabanmu ta ce na karɓa. Akwai wata tsohuwa da ta zo ta zauna a bakin ƙofa kwana uku, ba ta ci, ba ta magana. Muka kai ta wajen likita, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai daga baya muka gane. 'Yarta ce take fita kullum, tana tsallake ta, tana kai jaririn tantin maƙwabciya. Wai don kada ta wahalar da tsohuwa."

"Tsofaffi ke nan," na ce. "A hutar da su ma laifi ne. To kin ga dai da bakinki kin ce ba harbi. Sai ki bar yarinya ta je."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana.

"Akwai mai jiranka a shago, Rediyo."

Babu kowa a shagon. Na duba har bayan ƙofa.

Da yamma na koma gida na tarar da Kofur ta biyo daga aiki, tana zaune a tabarma da kakinta, Mitsi tana hawa bayanta tana sauka. Matata tana ɗinke maɓallin rigata. Na ba su rahoto dalla-dalla, har da muryar Sajan na kwaikwaya. Na ce an kusa, tsoron ya fara sakinta, gobe zan ƙarasa. Matata ta soke allura a hannun kujera.

"Malam, maimaita mini labarin tsohuwar nan."

Na maimaita.

"Jiya kuma me ka ce mata game da Mitsi?"

Na faɗa, har da "ko kukanta ba za ki ji ba", don ina alfahari da wannan jimlar.

"Kai kam an sa maka suna daidai. Rediyo yana magana, amma ba a taɓa jin ya saurari kowa ba. Matar nan ta faɗa maka da Hausa, ta ƙara maka da misali, ka tashi ka ce mata tsofaffi ke nan."

Kofur ta sauke Mitsi daga bayanta. "Mama, ba haka ba ne. Sajan ba ta son ɗawainiyar yara. Ban taɓa ganin ta riƙe Mitsi minti biyar ba, sai ta miƙo ta."

"Tana miƙowa ne tun kafin a ce ta kawo. Ke ba ki san komai ba, kina ƙarama. Ranar da ta dawo, da kika ce mata Sajan aka yi ta dariya, kin san inda ta tafi? Bayan gida. Ta kwashe kayanmu kaf ta wanke, har waɗanda na goge na sa a akwati. Na je in karɓa, na ga fuskarta, na dawo. Wancan yana tsakar gida yana ba mutane labarin jirgin sama kamar shi ya tuƙo shi."

Na buɗe baki in kare kaina, na ga ba ƙofa, na rufe. Wannan yana cikin lokuta uku ko huɗu a rayuwata.

Ni na san matata ta riga ta sayi 'yar katifa, ta share kusurwar ɗakinta, har labule ta canza mai hoton agwagi. 'Ya'yanmu sun girma sun watse, gidan ya yi mata faɗi. Ta jawo Mitsi ta ɗora a cinya, tana gyara mata ɗan kunne.

"Ni na ci rabona," ta ce. "Har nata na haɗa na ci, ba da niyya ba. Shekarun da yaro yake koyon magana, yake faɗuwa yana tashi, ni na gan su a kanki, ita wasiƙa ta gani. Yanzu Allah ya sake kawo irinsu, ku kuma kuka ɗauko za ku sake ba ni, ko tambayarta ba ku yi ba. Gobe ki je da kanki. Kada ki ce na ƙi, don ban ƙi ba, kuma za ta gane in kin yi ƙarya. Kai kuma ka zauna a shagonka."

Washegari na zauna a shagona, na minti goma. Da na hango Kofur ta shiga da Mitsi a kafaɗa, sai na tuna fankar silin ɗin Sajan tana wata ƙara da ni kaɗai nake ji. Na ɗauki tsani da sukudireba na bi bayansu. Ba wanda ya ce in fita, don ba wanda ya lura da ni, abin da ban saba da shi ba.

"Sajan, ina kwana."

"Lafiya lau. In saƙon kawunki ne, na ji shi sau biyu."

"Ba shi ba ne. Roƙo na zo. In na tafi, ina so ki riƙe mini Mitsi."

Sajan tana kan wuyan wata farar riga. Ta bi shi har ƙarshe, ta juya, ta bi ɗaya gefen, sannan ta jingine dutsen.

"Amarya fa?"

"Na kai mata ban tambaye ki ba. Na yi kuskure."

"Ko dai ta ce gwiwa ta hana ta?"

"Gwiwarta ƙalau. Katifa ma ta saya."

"Ta sayi katifa," in ji Sajan. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. "To ke me ya sa?"

"Na ɗauka ba kya so. Ban taɓa tambaya ba."

Daga saman tsani ina ganin tsakiyar kawunansu. Na yi zaton za a yi kuka, har na shirya abin da zan faɗa. Sai Sajan ta jawo wani kwali da ake sa wa riga a ciki, ta ciro alƙalamin da take sa wa kaya lamba.

"Ƙarfe nawa take tashi?"

"Shida."

"Me take tsoro?"

"Kaza. Da mai gemu in ya yi dariya."

"Allurai?"

"Saura ɗaya, katin yana jaka."

"In tana jin barci me take yi?"

"Tana jan kunnenta na hagu."

Alƙalamin ya tsaya. "Ke ma haka kike yi?"

"Mama ta ce haka nake yi."

Sajan ta rubuta. Ta cika kwalin gaba da baya da ƙananan haruffanta na ofis: abin da yarinya take ci, abin da take tofarwa, sunan da take kiran ruwa da shi, waƙar da ake yi mata wajen wanka. Kofur ta rera waƙar a tsaye cikin kaki, tana kallon ƙasa, Sajan ta sa ta maimaita sau biyu. Ita kuwa Mitsi ta sauka ta shige cikin kwandon kayan da ba a wanke ba ta zauna kamar an aiko ta.

"Sharaɗi biyu," in ji Sajan. "Kullum da safe za ki kira, ta ga fuskarki. Ba hula. Ni hoto na aiko da kwano a kaina, kika ɗauka dodo ne. Na biyu, rigar da kike kwana da ita, ki bar mini. Kada ki wanke."

"Ke da kanki kike cewa kada a wanke?" na ce daga sama.

"Wannan fankar lafiyarta ƙalau, sauko kafin ka lalata ta." Ta koma kan 'yarta. "Safa za ki saya da yawa, ta auduga. Ƙafa ce aikin. Kada ki raina abincin kowa, kada ki yi wa tutar kowa dariya, wanda kika raina shi zai ɗauke ki ranar da motarku ta mutu. In an ce shekara, ki sa wata goma sha takwas a ranki. Je ki sa hannu."

Kofur ta yi tsaye. "Mama..."

"Bar shi. Bakinki bai saba ba, kunnena ma haka." Ta nuna kwandon da haɓa. "Waccan dai ita ce ba za ta ce miki Kofur ba."

Ranar Laraba ta sa hannu, da ragowar kwana guda.

Yanzu wata na biyar ke nan da tafiyarta. Shagon Sajan ya canza, duk da ita ta ce bai canza ba. Dutsen guga ya koma kan wani kanta mai tsayi, wayoyin wuta duk an ɗage su sama, ni na yi aikin, ita ta tsaya a kaina. An kewaye kusurwa ɗaya da katako, ga katifar nan da matata ta aiko da ita tare da labulen agwagi. Matata tana zuwa ranar Asabar, su zauna su biyu suna gardama a kan ko yarinya ta rame ko ta yi ƙiba, kowace tana cewa ita ta fi sani. Ƙarfe bakwai na safe waya take ƙara. Sajan ta zaunar da Mitsi a kan teburin guga, ta riƙe mata wayar daidai fuska, ta ce, "Wace ce wannan?" Mitsi ta ce, "Mama." Sai Sajan ta gyaɗa kai kamar an kawo mata rahoto daidai. Kofur tana ba su labarin ƙura da zafi, da wata abokiyar aikinta daga wata ƙasa da take koya mata saƙa, da ƙafafunta da suka yi kanta. Rigar nan kuwa tana ƙarƙashin matashin Mitsi, ita kaɗai ce tufa a shagon da ba ta san ruwa ba.

Sajan ta yi 'yar ƙiba. Jiya na ji ta ta bango tana rera waƙar wanka, ba ta iya ba, tana yi kamar mai ba da umarnin fareti, yarinya tana ƙyalƙyala dariya. Mitsi tana ce mata Kaka, ni kuma Yediyo, ban san wa ya koya mata ba, amma ina da wanda nake zargi.

Ni dai duk wanda ya kawo gyara sai ya ji yadda aka yi. Ranar nan wani mai firji yana jira, na jingina a ƙofar Sajan ina ba shi labari da ƙarfi, yadda uwa da 'ya suka ja daga mako biyu, ba mai magana da wani, har aka nemo ni.

"Kwana uku na yi na sasanta su," na ce, "ba bindiga, ba jirgi, ba farar mota. Ke Sajan, in Kofur ta kira gobe ki ce ta gaya wa manyansu akwai gwani a nan yana zaman banza. A sa sunana a jeri na gaba."

Tana tsefe wa Mitsi kai, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai akwai irinka da yawa a can, Rediyo. Sai dai ba a cikinmu suke ba. Saboda su ake tura mu."